Abin da tiyata a bakin daga ta koya mani

A nan Sakkwato na yi karatun likita, a nan na saba da ɗakin tiyata mai fitila a sama da mai ba da maganin barci a gefe da bankin jini nan kusa. Da na shiga soja anka tura mu arewa maso gabas lokacin Operation Lafiya Dole, yaƙin soja da Boko Haram wanda anka fara a 2015, sai na tarar ɗakin tiyatar tanti ne, gado biyu, janareto ɗaya, ga ƙura tana shigowa ta ko'ina.

Daren da ba ni mantawa shi ne wanda motar yaranmu ta taka nakiya, anka kawo mana mutum bakwai a tare, mu kuwa likita ɗaya ne, ni, sai nas biyu. Wallahi ba jinin ne ke karya zuciya ba, zaɓen ne. Akwai wani shina ta kururuwa hannunai ya karye, zuciyata ta tahi gare shi, sai sajan ɗin da ke taimaka mani ya ja rigata ya ce "Yallaɓai, mai ihu shina da numfashi, dibi wancan da ya yi tsit." Yaron ya yi fari fat, laɓɓansa sun bushe, jini na zuba cikin cikinai ba a gani. Shi munka fara buɗewa, da allurar barci ta ketamin tunda ita ba ta cika faɗar da bugun jini ba kuma mutum na ci gaba da numfashi da kansa, ana tsakiyar aiki janareto ya mutu munka ƙarasa da tocilan goshi. Ban tsaya gyaran komai ba, na ɗaure jijiyar da ke zuba na cusa gozi, yadin tsotse jini, na rufe na wucin gadi, saura sai babban asibiti in ya kai.

Jini kuwa a jikin abokan aikinsu munka same shi, soja ya sauko daga sintiri ko takalmi bai cire ba ya miƙa hannu. Kuma lokacin hunturu ne, jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa da wuri, don haka bargo ma magani ne a wurin.

Kuskurena na farko har yau shina cina. Raunin harsashi a cinya, na wanke na ɗinke tsaf kamar yadda na saba a gida, kwana uku zazzaɓi ya rufe yaron, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Harsashi na shiga da ƙasa da yadin kaki, ya kashe naman da ido bai gani. Ka'ida ita ce a yanke mataccen nama a bar raunin a buɗe kwana 4 zuwa 5 kafin a rufe. Allah ya taimake ni ƙafar ta tsira.

Akwai ranar da anka kawo wani daga ɓangaren waɗanda muke yaƙa, ga namu a kwance. Yarjejeniyar Janeba ta 1949 kan dokokin yaƙi ta ce tsananin rauni ake dubawa ba ɓangare ba, na yi mai aiki, amma kallon da yaranmu sunka yi mani ya daɗe bai bar ni na yi barci ba.

Yanzu na dawo gida, zafin Sakkwato da hatsarin kabu-kabu su ne aikina. Har yau akwai alƙalamin maka a aljihun rigata, duk wanda anka kawo an ɗaure mai ƙafa don tsayar da jini, tambayata ta farko ita ce ƙarfe nawa anka ɗaure, in rubuta a fatarsa, don in ya wuce awa biyu ƙafar ta fara shiga hatsari.