Kalma ɗaya ta Turanci da ta jawo mana asarar shinkafa

Har yau idan na buɗe saƙon nan a wayata sai raina ya ɓaci. Ni ne magatakardan ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a wani ƙauye na ƙasar Kura, kuma duk abin da ya shafi Turanci ni ake miƙa wa. A kakar bara muka yi shawarar ɗauko injin girbi daga wani kamfani da manajansa ba ya jin Hausa. Na rubuta masa ta WhatsApp: "We are interested in your harvester for November." Ya amsa da "Noted." Nan take na je na shaida wa shugabanmu cewa, "Baba Alhaji, an kama mana inji."

Ashe ba a kama komai ba. "Interested" sha'awa ce kawai, kamar wanda ya tsaya gaban rago a kasuwa ya shafa bayansa, bai ko taya ba. "Noted" kuwa "na gani" take nufi, babu amincewa a cikinta. Da shinkafa ta nuna na kira, aka ce an riga an raba ranakun ga waɗanda suka biya. Kwana 11 muka yi muna neman 'yan ƙwadago masu lauje, alhali kowa na cikin nasa girbin. Iskar hunturu ta soma, zangarniya ta bushe ƙayau a tsaye, da ka taɓa ta sai ƙwaya ta zube ƙasa. Jan-baki suka ɗebi nasu. Wadda muka samu muka kai injin casa kuma ta yi ta karyewa, domin haka shinkafar da ta wuce lokacin yanka take yi.

Kalmar da ya kamata in yi amfani da ita ita ce "book". Ita ce kama rana. Amma ko ita ba ta tsayawa ita kaɗai, sai an haɗa mata abu huɗu: kwanan wata, girman gona, wuri, da kafin alƙalami, wanda suke kira "deposit". Ragowar kuɗin shi ne "balance", wato ciko. Sannan kada ka ajiye waya sai ka ga kalmar "confirmed" a rubuce. "Okay", "we will see" da "no problem" duk ba su ɗaure kowa ba. Da na san wannan tun farko, da saƙon layi biyu ya tsare mana buhunanmu.

Sauran kalmomin ma kowace da muhallinta, kuma mutanenmu na cakuɗa su. "Hire" ita ce muka ara muka mayar haya: ka biya, ka yi aiki da abu ko mutum na ɗan lokaci, kamar tarakta ko mai feshi. "Rent" ta fi zama a kan gida, shago ko gona, ko da yake mutanen Amurka da ita suke cewa hayar mota, inda mutanen Ingila za su ce "hire". "Charter" ita ce shatarmu, ka ɗauki motar gaba ɗaya ba tare da wani fasinja ba. Wadda nake jan kunne a kanta ita ce "employ". Idan ka rubuta wa mai haƙa rijiyar burtsatse cewa za ka yi "employ" ɗinsa, ka ce ne za ka ɗauke shi ma'aikaci mai albashi. Aikin da za a yi a gama, a biya, kwantiragi ne, "contract". "Engage" kuma ta takardar ofis ce, irin ta ɗaukar lauya ko safiyo: "engage the services of". A kula da ita, don "engaged" na nufin wanda aka yi wa baiko, tana kuma nufin layin waya da wani ke kai. Kada kuma ka ce "borrow" in kuɗi za ka biya, aro ke nan, kuma mai inji ba ya ba da aro.

Kalmomin jawo hankali ba su da wuya. "Excuse me" a baki, "Dear Sir" ko "Dear Madam" a takarda, sai "I wish to draw your attention to" idan matsala za ka kai, misali kwatar ruwa da ta toshe. Tsaki ko "hey you" ba sa buɗe ƙofar ofis. Wajen kiran taro, "attend" halarta ce kawai, mutum ya zo ya zauna. In kana son malamin gona ya yi bayani ya kuma amsa tambayoyi, rubuta "participate" ko "speak", in ba haka ba zai zo hannu rabbana, kuma ba laifinsa ba ne. Wannan ma dangin kuskurena ne: ka faɗi abu mai laushi, kana zaton ka ɗaure magana.

Abin da ya fi ci min rai shi ne manajan bai yi mana ƙarya ba. Abin da na rubuta ya amsa. Baba Alhaji bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Malam, bana a rubuta ta yadda ba za ta kwance ba."

Ga abin da na tura bana tun watan Satumba: "We want to book your combine harvester for 12 November, six hectares of rice at Kura. How much is the deposit? Please confirm in writing." Washegari amsa ta zo da "confirmed". Muka tura kafin alƙalami, na buga rasit ɗin a takarda, na sa shi cikin littafin ƙungiya.