Wata bakwai ina kwana da Faransanci, ina tashi da Hausata

Ɗan ƙanwata ne ya fama min wannan tsohon mikin. Ya zo hutu na sauke shi a ɗakin zaure. Daren Laraba na fito duba ƙofa, sai na ji wata siririyar murya kamar kukan sauro tana fitowa daga ɗakinsa. Na leƙa. Yaro ya baje a katifa, baki buɗe, yana ta minshari, abin sauraro ɗaya a kunne, ɗayan ya faɗo kan filo, wata mata tana ta zuba yare ba mai amsa mata.

Da safe na tambaye shi. Ya ce, "Kawu, Sinanci nake koyo. Bidiyo ne na awa takwas a YouTube. Da farko zai sa ka saki jiki, ka riƙa jan numfashi a hankali, daga nan kalmomin su dinga shiga ƙwaƙwalwa kana barci." Wai so yake kafin shekara ta zagayo ya bi ubangidansa Guangzhou sarin kaya ba tare da tafinta ba.

Na so in yi dariya, sai ta maƙale min a wuya.

A 1995 ina bin wani ubangidana Kwatano muna ɗauko motoci. Shekara guda ke nan da karya darajar sefa, ciniki ya buɗe, kuma duk abin da za mu yi sai da dillali mai jin Faransanci, shi kuma ya yanki kamashonsa gaba da baya. Abin yana ci min rai. Rannan na ci karo da wani mai sayar da kaset shida a kwali, da ɗan littafi, an rubuta za ka iya Faransanci ta hanyar hifnosis, wato a yi ta yi maka magana da murya mai sanyi har ka shiga wani hali tsakanin barci da ido biyu. Kuɗin ya kai rabin abin da nake samu a wata. Ban ko taya ba.

Kullum bayan lisha sai in kwanta, in ajiye rediyo kusa da kai. Wani mutum mai murya kamar zuma ya fara: saki yatsun ƙafarka, saki gwiwoyinka, kafaɗunka sun yi nauyi. Ga wani kiɗan Turawa mai taushi a ƙasa-ƙasa. Sannan gaisuwa, sannan ƙirga. Ban taɓa wuce ashirin ba barci ke ɗauke ni. Bayan minti 45 kaset ya ƙare da ƙara, ƙwas, in farka a firgice, in juya shi, in koma. Wata bakwai a haka. Kuɗin batir ɗin da na kashe da ya biya min malami.

Kada ku ce ragwanci ne. Ina fita tun asuba, ban dawowa sai magariba, ina zan ga lokacin zama aji? Haka nake faɗa wa kaina, kuma har yau ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai in don Allah za a faɗa, ina da lokacin zama a majalisa har sha ɗayan dare ana musun ƙwallo. Abin da ya hana ni neman malami kunya ce. Ƙato da ni, da gemuna, in zauna ina lanƙwasa harshe yara suna ƙyaƙyata dariya? Kaset ba ya yi wa mutum dariya, shi ya sa na so shi.

Ranar tonon asiri, wata mota ta ba mu matsala kafin mu baro Kwatano. Na bugi ƙirji na ce wa maigida a bar dillali, ni zan yi magana da bakanike. Mutumin ya dudduba ya ce "quatre-vingt-quinze mille". Raina ya yi fari, domin duk kalmomin na san su: huɗu, ashirin, sha biyar, dubu. Na haɗa a kaina na ce wa maigida dubu 39 ne. Ya ce a yi. Da aka gama aka miƙo takarda, dubu 95. Ashe su Faransawa tamanin a wurinsu ashirin huɗu ne, sai su ɗora sha biyar a kai. An yi cacar baki har mutane suka taru, maigida ya biya, ya kuma cire cikon dubu 56 ɗin daga haƙƙina daki-daki. Har yau ina cewa wanda ya ƙirƙiro wannan ƙirgar yana da nasa kason laifin. Amma darasin yana nan a kaset na farko, bayan ashirin kaɗan. Na ji shi ya fi sau ɗari, ina minshari.

Sai bayan shekaru na karanta asalin abin. Ɗan littafin nan ya yi ta ambaton Georgi Lozanov, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Bulgeriya, wanda a shekarun 1960 da 1970 ya fito da wata hanyar koyar da harshe mai amfani da kujeru masu laushi da kiɗa mai sanyi. Gaskiya ne ya yi hakan. Abin da ba su faɗa ba shi ne ɗalibansa idonsu biyu, ga malami a gabansu, suna karanta doguwar hira, suna wasan kwaikwayo, har sabon suna ake raɗa wa kowa don in ya yi kuskure kunyar ta faɗa kan sabon sunan. Shi kansa ya nesanta hanyarsa da hifnosis. 'Yan kasuwa suka tsame aikin suka zubar, suka sayar mana da kwanciyar.

Kuma cinikin tsoho ne. Tun 1927 wani Alois Saliger yake sayar da na'urar da ke yi wa mai barci magana a Amurka. A 1956 masu bincike biyu, Simon da Emmons, suka maƙala wa mutane na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa suna karanta musu bayanai cikin dare. Abin da suka gano: mutum yana tuna abin da ya ji ne kawai a lokacin da bai gama yin barci ba ko ya ɗan farka. Ni ke nan, da gaisuwata da ɗaya zuwa ashirin.

Wanda ya koya min Faransanci a ƙarshe wani mai shayi ne ɗan Nijar a Zangon Kwatano. Ya ji labarina, ya yi dariya har da hawaye, ya ce daga yau ba zai ba ni canji ba sai na faɗi adadin da Faransanci. In na kuskure ya kira maƙwabta su ji. Shekara biyu ina shan shayi da kunya kafin bakina ya buɗe.

Na zauna da niyyar rubuto muku shawarwari goma, ku matasa, har da lamba. Da na duba sai na ga ba su kai ba.

Cire abin nan daga kunnenka ka yi barci. Barci rumbu ne, abin da ka noma da rana yake adanawa. Malamanmu na allo sun san haka tun kafin a ƙera rediyo: a yi karatun dare, a kwanta, a tashi da asuba a yi tishi. Ka taɓa jin wanda ya haddace izu guda don ya yi matashi da allo?

To, kada in yi wa abin ƙazafi. A 2014 wasu masana a Suwizalan, Schreiner da Rasch, sun koya wa masu jin Jamusanci kalmomin yaren Holan kafin su kwanta, suka sake kunna musu wasu daga ciki suna barci, da suka tashi sun fi tuna waɗanda aka maimaita. Ka lura, sai da suka koya da ido biyu tukuna, kuma a ɗakin gwaji ne ana lura da zurfin barcinsu. Don haka in ka yi karatunka da rana, ƙila... a'a, bar shi. Kashe wayar kawai. Na san ku, in aka ba ku ƙofar allura sai ku shige da raƙumi.

Numfashin kuwa riƙe shi. Shi kaɗai na tsira da shi daga kuɗina. Har gobe in jandarma ya tsayar da ni a hanya, sai na ja numfashi uku, na saki kafaɗa, sannan maganar take fitowa daidai. Yana kore tsoro, amma bai taɓa saka min kalma ko ɗaya a baki ba.

Sannan ka nemi wanda zai yi maka dariya. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi yana buƙatar awa 2,200 a aji kafin ya iya Sinanci, Faransanci kuwa 600 zuwa 750. Awa biyu kullum, shekara uku ke nan, kai kuma kana maganar wata goma sha biyu a kan katifa. Abin haushin ma, kunnen Bahaushe ya riga ya saba da karin sauti. Mu da muke bambanta kukan yaro da kukar miya da hawa da saukar murya kawai, me zai ba mu tsoro don "ma" na iya zama uwa ko doki a Sinanci? Ga Sinawa nan a Kantin Kwari, kuɗin adaidaita ne tsakaninka da su. Mu a zamaninmu ƙamus ma sai an yi aro. Ku kuna riƙe da malamai dubu kyauta a tafin hannu, amma kuka bi kuka tsinto guda ɗayan da ya ce ku kwanta.

Duk wannan na faɗa wa yaron, har da labarin dubu 56, wanda ko uwarsa ba ta sani ba. Ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa. Na ce to, faɗa min yadda ake cewa "nawa ne" da Sinanci. Ya sosa ƙeya ya ce sai an yi wata uku abin yake fara aiki. Ya ƙara da cewa, "Kuma Kawu, ai naku kaset ne. Wannan na zamani ne."

Jiya da dare na fito duba ƙofa, matar nan tana nan tana ta yi. Wannan karon har ya jona wayar a caji, kada ta mutu kafin asuba.