Daga Fadamun Kura zuwa Kwanon Ɗalibi

A watan Oktoba na 2019 ina koyar da aikin gona a aji biyar na wata firamare da ke wajen birnin Kano. A lokacin, shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2016, yana ba 'yan aji ɗaya zuwa uku abinci a kan naira 70 kowane yaro a rana. Ɗalibaina ba sa cikin masu ci, amma da zarar masu dafuwa sun sauke kuloli a farfajiya, sai idanunsu su bar allo su koma taga. Na ga gara abin da ke ɗauke musu hankali ya zama shi ne darasin.

Yunƙurina na farko bai yi armashi ba, domin akwatuna huɗu na zana a allo, na rubuta manomi, kasuwa, mai dafuwa da ɗalibi, suka kwafa shiru babu mai tambaya. Washegari na roƙi ɗaya daga cikin masu dafuwar ta zuba mini shinkafa da wake a kwano, na ɗora a kan tebur, na ce kowa ya zaɓi abu ɗaya a ciki ya faɗi hannun da ya bi kafin ya iso nan. Wata yarinya da mahaifiyarta ke sana'ar turara shinkafa ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, zanenka na jiya ya tsallake mutane da yawa." Sai ta jero masu yanka da masu bugu a fadamun Kura, da matan da ke jiƙa shanshera su turara ta su shanya, da mai injin casa, da dillali, da ɗan dako. Wani yaro ya ƙara da cewa noman ranin ma da ruwan madatsar Tiga ake yinsa. Waken muka bi sawunsa zuwa kasuwar Dawanau, manjan kuma zuwa kudancin ƙasar nan, inda suka gane cewa kuɗin motar da ta ɗauko shi yana cikin kwanon. A ranar na fahimci cewa 'ya'yan manoma da 'yan kasuwa nake ƙoƙarin koya wa abin da suke kwana suna tashi da shi, abin da suka rasa kawai shi ne wanda zai haɗa musu guntayen.

Lissafi ne ya fi kama su. An rufe iyakokin ƙasa na tudu a watan Agusta na shekarar, farashin shinkafa ya tashi, alhali naira 70 tana nan inda take. Na sa kowa ya tambayo farashin kwanon shinkafa a gida, muka raba shi da yawan yaran da zai ciyar, muka ɗora wake da mai da itace, suka ga da idonsu cewa abin da ya yi wa manomin Kura daɗi shi ne ya matse mai dafuwa.

A nan kuma na yi kuskure, domin ban yi shawara da ita ba kafin mu fara ƙididdige tukunyarta. Kafin mako ya zagayo, wasu yaran sun fara tsokanar ta cewa ta rage ludayi, ta same ni ranta a ɓace ta ce, "Malam, ni ka mayar abin karatu?" Na ba ta haƙuri, na roƙe ta ta shigo ajin ta yi bayani da bakinta. Ta faɗa musu cewa tun kafin asuba take hura wuta, kuma idan kuɗi ya yi jinkiri bashi take karɓa wurin mai shago don kada ƙannensu su wuni da yunwa. Yaron da ya fi kowa tsokanar ta shi ne ya tashi ya ƙara akwatin mai shago a zanen da ke allo, wanda a lokacin ya kai akwati goma sha huɗu.