Ɗan Sarauta a Bakin Hamada: Rayuwar Antoine de Saint-Exupéry (Kashi na Uku)

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Makon jiya mun rabu da Antoine a 1926, kamfanin Latécoère ya ɗauke shi tuƙin jirgin wasiƙu daga Tuluz zuwa Kasabalanka, har Dakar.

A ƙarshen 1927 aka naɗa shi shugaban tashar Kap Jubi, wato Tarfaya ta yau a kudancin Maroko, lokacin tana hannun Sifaniya. Teku ta yamma, rairayi ta gabas iya ganinka, sai ganuwar sojoji da wani ɗakin katako a gefenta. Nan ɗan sarautar da ya taso a katafaren gidan Saint-Maurice ya sauke kaya. Gadonsa katako ne da 'yar siririyar katifa, teburinsa kuwa ƙyaure ne da aka ɗora bisa ganguna biyu.

Jiragen Breguet 14 da suke tuƙawa samfurin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, inji kan mutu ana tsakiyar tafiya. Jirgi na sauka a hamada, mutanen yankin sai su kama matuƙi su nemi fansa, wani sa'in ma su kashe. Aikin Antoine shi ne nemo waɗannan bayin Allah. A 1928, da aka kama abokan aikinsa biyu, Reine da Serre, ya yi ta shawagi bisa rairayi yana cigiyarsu, sai bayan watanni aka sako su.

Abin da ya fi burge ni, bai ɓuya bayan ganuwa ba. Yakan fita ya zauna cikin tantin mutanen yankin, a sha shayi tare, yana ta fama da koyon Larabci. Ni dai ba na mantawa cewa ƙasarsu ce jiragen baƙi ke ratsawa ba ko sallama, shi kuwa aƙalla ya yi sallamar.

Kaɗaici ya sa har yanyawa ya kiwata, mai manyan kunnuwan nan. In dare ya yi, iska na watsa rairayi a jikin katako, sai ya jawo ƙyauren nan ya duƙufa. A kansa ya rubuta littafinsa na farko, Courrier Sud, wanda ya fito a 1929.

Bayan fiye da shekara guda ya bar Kap Jubi. A 1929 ɗin aka tura shi Ajantina, inda zai haɗu da Consuelo, wadda za ta zama matarsa. Can za mu tarar da shi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.