Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Littattafan da Aka Ware wa Bola

Makon jiya mun tsaya a kan kwalayen littattafan shirya manhaja da aka fitar daga sito za a zubar. Yau sai yadda ake ceto su.

Kafin a ɗaga kwali, a fara karanta lambar da ke jikin bangon littafi. Littattafan kamfanin IBM na zamanin kwamfutar System/360, wadda ta fito a 1964, kowanne da lambar odarsa, kuma alƙalamin ƙarshe bayan ɗan karan shi ke nuna bugu na nawa ne. Da wannan lamba ake leƙa Bitsavers ko Internet Archive, rumbunan intanet da ke ajiye hotunan tsofaffin littattafai. In an riga an ɗauki hoton bugun, a fifita wanda babu, don mota ba za ta kwashe duka ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne shafukan gyara. Kamfanin kan aiko da su daban, mai littafi ya zare tsohon shafi ya saka sabo, layin da aka sauya kuma yana da tsayayyen kara a gefensa. Malalata (kuma suna da yawa) sai su cusa su a baya kawai. Mai shara ya ga tarkace, alhali nan aka gyara kurakuran littafin. A ɗauki hotonsu daban, kada a gauraya.

A cire ƙusar sitefula mai tsatsa. A raba fotokwafi da bangon roba, domin robar na jan tawada har rubutu ya manne mata. Wanda ƙwari suka shiga, a ɗaure shi a leda, firiza mako guda. Fumfuna kam sanyi tsayar da ita yake yi, ba ya kashe ta, sai an busar an goge a waje.

Hoto a ɗauka da ɗigo 600 a kowane inci, baƙi da fari. Kada a yarda da manhajar da ke mayar da hoto rubutu ita kaɗai: tana rikita 0 da O, tana haɗiye gurabe. A FORTRAN ta da, yaren rubuta manhaja, gurbi na 1 zuwa 5 na lambar layi ne, na 6 alamar ci gaba, umarni daga na 7 zuwa 72. Harafi ya gusa gurbi ɗaya, shirin na iya lalacewa. Shi ya sa asalin hoton ake ajiyewa, a wuri biyu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, doguwar takardar firinta mai huji a gefe.