Allon aro: abin da taminal ya koya mini a Tawa

Shekara uku na yi ina kula da wata ƙaramar manhaja da na rubuta wa wata ƙungiyar ƴan kasuwar albasa a Tawa, wadda take riƙe lissafin buhunan da ke shigowa daga Galmi da ƙauyukan kewaye, da sunan manomin da ya kawo su, da motar da za ta kwashe su zuwa kudu. Babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan tana Yamai, mu kuwa muna shiga cikinta ta intanet daga wata tsohuwar kwamfuta da ke ofis, ta hanyar taminal, wato baƙin allon nan da ba ya nuna hoto sai rubutu zalla. Na zaɓi wannan hanya ne saboda rezo, wato layin intanet, ba shi da ƙarfi a unguwarmu, rubutu kuwa ba shi da nauyi. Lissafi bai taɓa ba ni wahala ba. Abin da ya sha mini kai shi ne yadda manhajar take zuba rubutu a kan allo.

Da farko na ɗauki taminal kamar allon almajiri, wanda idan ya cika sai a wanke a sake rubutu. Saboda haka kowace daƙiƙa manhajata tana aika umarnin ESC[2J, wanda ke share allo gaba ɗaya, sannan ta sake rubuta jadawalin tun daga sama. A kan kwamfutata ban ga aibin hakan ba. Amma allo mai faɗin harafi 80 da layi 24 yana ɗaukar harafi 1,920, kuma idan za su taso daga Yamai a kan rezo mai rauni, sai ido ya ga allon ya yi duhu, sannan layuka su riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya. Hajiyar da ke shigar da lissafin ce ta fara yi mini magana. Ta ce, "Ɗana, allon nan naka yana ƙyafta kamar fitilar da mai ya ƙare mata, kafin la'asar kaina ya ɗauki ciwo."

Wannan magana ce ta sa na koma na binciki asalin abin. Taminal gado ne daga na'urar da ke buga saƙo a kan takarda, irin Teletype Model 33 ta 1963, wadda ke buga harafi goma a daƙiƙa. Shi ya sa har yau komawa farkon layi da sauka zuwa sabon layi umarni biyu ne daban, na farko mai lamba 13, na biyu mai lamba 10 a tsarin ASCII mai bai wa kowane harafi lambarsa a kwamfuta, domin a wancan zamani kan na'ura ne ke komawa hagu, takarda kuma ta motsa sama. Da allon gilashi ya maye gurbin takarda, sai aka ƙaro jerin umarni masu farawa da harafin ESC mai lamba 27, waɗanda aka daidaita a ƙa'idar ECMA-48 ta 1976, kuma na'urar VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978 ta sa suka bazu. Taminal ɗin da muke buɗewa a yau kwaikwayon wannan na'ura yake yi. Ashe manhaja ba ta zana komai. Haruffa take turawa a jere ta hanya ɗaya tilo, wasu don a nuna su, wasu don a yi musu biyayya, kuma kowanne sai ya yi tafiyar nan ta tsakanin Yamai da Tawa. Da na gane haka sai na daina wanke allo. Idan adadin buhu ɗaya ya canza, sai na kai manuni, wato alamar da ke nuna inda rubutu zai fita, kan layin, na rubuta sabon adadin, na share ragowar layin da ESC[K. Daga baya na san cewa wannan shi ne aikin da wata manhajar taimako mai suna curses, wadda Ken Arnold ya rubuta a jami'ar Berkeley ta Amurka, take yi wa mai shirya manhaja: tana riƙe kwafin allo a ƙwaƙwalwa, ta aika bambancin kaɗai.

Batun launi bai daɗe ba, amma ya buɗe mini ido. Na sa sunayen waɗanda ba a biya ba suna fitowa da ja, sai ranar da wani dillali ya nemi a buga masa lissafi a takarda, muka juya rubutun zuwa fayil, ya fito da tarkacen umarnin launi, [31m da [0m, a jikin kowane suna. Manhaja dole ta tambayi inda take rubutu kafin ta yi ado, kuma akwai kiran isatty da ke amsa mata ko allo ne a gabanta ko fayil. Tsarin C, yaren da ake rubuta manhaja da shi, da kansa yana yin wannan bambanci, domin a kan taminal yana sakin rubutu layi bayan layi, a fayil kuwa yana tara shi sai ma'ajiya ta cika, abin da ke sa saƙon da bai ƙare da sabon layi ba ya maƙale har sai an tura shi da umarnin fflush.

Darasin da ya fi yi mini zafi ya zo ne a tsakiyar kakar albasa, lokacin bazara, motoci suna jere a bakin sito. A wurin shigar da kalmar sirri manhajata tana hana haruffa bayyana, tana kuma ɓoye manuni. Rezo ya tsaya a daidai wannan gaɓa, Hajiya ta danna Ctrl da C kamar yadda ni da kaina na koya mata, manhajar ta mutu nan take ba ta mayar da komai yadda ta same shi ba. Tana danna madannai, ba ta ganin ko harafi ɗaya. Ta ɗauka kwamfuta ce ta lalace, ni kuma ina hanya wayata ba ta shiga, sai ta ɗauko babban littafi ta rubuta lissafin yinin nan duka da biro, direbobi suna jira cikin rana. Da na iso, kalmomi biyu na rubuta a makance, stty sane, haruffa suka dawo suna bayyana. Laifin nawa ne, domin ban lura ba cewa harafin da mutum ke gani idan ya danna maɓalli tsarin kwamfuta ne ke maido masa da shi a kan allo, kuma saitin da manhaja ta taɓa yana nan bayan mutuwarta. A gidajenmu wadda ta ari turmin maƙwabciya tana wanke shi kafin ta mayar. Allo ma aro ne. Tun daga ranar manhajata tana adana saitin da ta tarar, tana tare siginar katsewa da Ctrl da C ke aikawa, ta buɗe manuni, ta dawo da launi, sannan ta fita. Na kuma koya wa Hajiya cewa idan allo ya daskare ta gwada Ctrl da Q, domin Ctrl da S, wanda hannu ya saba da shi wajen ajiye aiki, a taminal umarni ne na tsayar da rubutu.

Akwai kuma matsalar da littattafan da na karanta da Faransanci ba su tsaya a kanta ba, ita ce ta haruffanmu masu lanƙwasa. Ibrahim da Ɗanladi kowanne harafi bakwai ne, amma a jadawalina adadin da ke gaban Ɗanladi kullum yana gocewa hagu da gurbi ɗaya. Dalili shi ne a tsarin UTF-8, wanda kwamfuta ke adana haruffa da shi, haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowanne bayit biyu yake ci (bayit shi ne ma'aunin gurbin da harafin boko na yau da kullum ke ci a ƙwaƙwalwar kwamfuta) alhali gurbi ɗaya yake zama a allo, printf, umarnin C mai fitar da rubutu, kuwa bayit yake ƙirgawa idan zai cika fili. Wani abokin aiki ya ba ni shawara in cire lanƙwasar in huta. Ban yarda ba, domin baki da baƙi ba ɗaya ba ne, kuma manomin da ya sha wahalar ban ruwa wata da watanni ya cancanci a rubuta sunansa daidai. Na yi kwana biyu ina sake fasalin jadawalin don ya riƙa auna faɗin kowane harafi da umarnin wcwidth maimakon ƙirga bayit. Da na gama, Hajiya ta sa tabarau, ta ɗora yatsa a kan layin adadin buhuna, ta bi shi tun daga sama har ƙasa ba tare da yatsan ya karkace ba, sannan ta ce a kira mata manomi na gaba.