Darasi ɗaya da ya cinye mana shekara guda

Ranar da muka je tantancewa a jami'a ni da ƙanwata Auta, sabuwar shadda na sa. Duk lokacin da abin ya faɗo mani, shaddar nan nake fara tunawa, da yadda na shiga ofishin ina taƙama kamar ni ne zan karanta lauyan. Fayil ɗina ba abin da babu: silif ɗin JAMB mai maki 251, sakamakon WAEC mai kiredit takwas, takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, hotuna har dozin. Malamin da ke kan tebur ya bi sakamakon da bakin biro daga sama har ƙasa, ya koma sama, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, ina Litireca?"

Na ce mashi wane Litireca kuma, ga Turanci nan ta ci B3. Ya ce wannan Turanci ne, shi Adabin Turanci yake tambaya, don a nan ba a ɗaukar ɗalibin lauya sai da kiredit a cikinsa. Bai ɗaga murya ba, bai wulaƙanta mu ba. Da alama ya gaji da maimaita wannan magana, don yana rufe fayil ɗin yana kiran na bayanmu.

A mota ba wanda ya ce uffan. Sai da muka kusa gida ta ce, "Yaya, ai na faɗa maka tun muna SS1, ka ce ba komai."

Kuma gaskiyarta. Na tuna.

Tun da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa tana JSS2, karatunta ya dawo wuyana, kuma ban taɓa bari an koro ta don kuɗin makaranta ba. Littafi, yunifom, kuɗin lesin, kuɗin Keke, duk ban yi wasa da su ba. A ganina kula da karatun yaro ke nan, a biya, a karɓi rasit. To zangon karatu na biyu a SS1, ɗan bautar ƙasar da ke koya masu Adabin Turanci ya gama hidimarsa ya tafi, makarantar ba ta samo wani ba, aka ce wa yara kowa ya cike gurbin da wani darasi. Ta same ni a shago a kasuwa, ina tsakiyar ciniki, waya a kunne, ta ce an ce su zaɓa. Na ce ta ɗauki Hausa mana, ai ta fi sauƙi, A za ta ci. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba. Kuma ta ci A1 ɗin, ban jin akwai A1 mafi tsada a duk faɗin Katsina.

Kada wani ya ce na zargi Hausa. Hausa ba ta yi mani komai ba. WAEC tana barin ɗalibi ya yi rajistar darussa takwas zuwa tara, akwai wurin da duka biyun za su zauna. Da na nemo mata malami a waje tun a lokacin, na roƙi makarantar ta bar sunanta a darasin, da an wuce wurin. Abin da ban yi ba shi ne tambaya ɗaya: yarinyar nan da take cewa lauya za ta zama tun tana firamare, me ake nema a wajen mai son karanta lauya? Amsar tana cikin kundin JAMB, wanda ya jera kowane kwas da kowace makaranta da sharuɗɗanta, kyauta a intanet, a cikin wannan wayar da nake kallon ƙwallo da ita har tsakar dare.

Mu duk hankalinmu a kan JAMB yake. Tun daga Janairu gida ya ɗauki zafi: a je a yi NIN, tunda daga 2021 ba a rajista sai da shi, a tura saƙo 55019 a karɓi lambar rajista, a je cibiyar kwamfuta a yi layi, a yi atisaye. Wannan duk ya tafi daidai, ba sai na ɓata lokaci a kai ba. Da maki ya fito 251 cikin 400, Hajiya har waina ta sa aka yi aka raba wa maƙwabta. Ashe gini muke ta ɗorawa a kan tushen da aka bari da rami tun shekara uku baya.

Wani maƙwabcinmu mai son nuna ya san kan gwamnati ya zo jaje, ya ce in kwantar da hankalina, ai Katsina tana cikin jihohin da ake yi wa sassauci. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka ce suna baya a boko, kuma muna ciki. Amma wannan sassaucin a kan maki yake. Ba ya haifar da kiredit ɗin da babu. Wani kuma ya ce ya san wanda ya san wani, a kawo abin goro kawai. Na ce mashi ko an cusa ta a yau, ranar da za a sake bin takardu fa, bayan ta ci shekara biyu ko uku a ciki? A lokacin wa zan kama?

Saura zaɓi biyu. Ko ta canza kwas, don da wannan makin za ta samu Kimiyyar Siyasa ko Nazarin Addinin Musulunci ko ita Hausar ba tare da wahala ba, ko ta zauna ta gyara. Ni na fi karkata ga canjin, kuma in faɗi gaskiya ba don ita ba ne, don in rufe kunyata ne, kada a ce ƙanwar wane ta zauna gida. Gwaggonmu kuwa nata lissafin daban. Ta ce wa Hajiya budurwa ta shekara a ɗaki ba karatu ba aure, ai bakin mutane ba zai bar mu ba, ga ɗan wane nan yana ta aiko da gaisuwa. Auta dai ba ta yi gardama da kowa ba. Da dare ta same ni a zaure ta durƙusa ta ce, "Yaya, wancan karon kai ka zaɓa mani. Wannan karon don Allah ka bar ni in zaɓa." Ban sami abin cewa ba.

Muka yi mata rajistar NECO ta masu zaman kansu, wadda ake yi a Nuwamba da Disamba. A nan ne na gane shekarar ta riga ta tafi: sakamakon ba ya fitowa sai an shiga sabuwar shekara, lokacin an rufe ɗaukar ɗalibai, kuma makin JAMB na shekararsa ne kawai, ba a ajiye shi. Wato 251 ɗin nan da aka ci waina a kansa ya bi ruwa.

Wata uku ba su cika ba tsakanin rajista da jarrabawa, ga darasin da ake koyarwa shekara uku. Na samo wani tsohon malami da ya yi ritaya, can wajen Ƙofar Ƙaura, yana zama da ita bayan La'asar sau huɗu a mako. Ni da nake zaton adabi tatsuniya ce da Turanci, sai ga ƙagaggun labarai, ga wasan kwaikwayo, ga waƙoƙi na Afirka da na waje, ga Shakespeare da Turancinsa na kakannin kakanni. Har a nan sai da na sake yin wata wautar. Na ga littattafan hannu a wajen wani mai baza su a ƙasa, da araha, na kwaso. Malam ya juya su ya yi dariya, ya ce waɗannan na tsohon jadawali ne, ana sauya littattafan duk bayan shekara biyar, wanda ake kai a lokacin na 2021 zuwa 2025 ne. Na koma na sake saye. Kuɗin ba su dame ni ba kamar yadda na ga halin nan nawa bai sake ni ba, yanke hukunci kafin tambaya.

Dabara ɗaya na yi da nake alfahari da ita, ko da ba ta ci ba. Maimakon Adabi kaɗai, na sa ta sake har da Turanci da Lissafi da Gwamnati da Addini, don kiredit biyar ɗin su fito a zama ɗaya, tunda akwai makarantun da ba sa karɓar haɗin sakamako biyu a manyan kwasa-kwasai, musamman likitanci. Sakamako ya fito: Adabi C5, alhamdu lillahi. Lissafi D7. Yarinyar da ta ci C4 a WAEC, amma ta yi watanni ba ta buɗe littafin lissafi ba. Dole muka koma haɗa WAEC da NECO, kuma wannan karon sai da na zauna na karanta sharaɗin kowace jami'a layi-layi kafin mu cike zaɓin farko. A nan na ga ashe ko lauyan ba iri ɗaya ba ne. A ABU Zariya, alal misali, Shari'ar Musulunci kwas ne daban da ɗaya lauyan, kowanne da abin da yake nema.

A JAMB ta biyu Auta ta sa Adabi a cikin darussanta huɗu, ta ci 243. Ya gaza na farko da maki takwas, amma shi ne ya yi aiki. Ranar da sunanta ya fito a CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbin karatu, ni na danna karɓa da hannuna, na sake dubawa sau uku, sannan na je na faɗa wa Hajiya. Ba a yi waina ba. Ta ce a bari sai an ga ta shiga aji.

Tun daga nan na zama abin tsoro a majalisarmu. Duk wanda ya ce ɗansa ya shiga SS1, sai na ce ya kawo mani jerin darussansa. Mun sami yaro mai son likita da ke shirin sa Lissafi a JAMB, alhali Fizis da Kemistiri da Bayoloji ake nema tare da Turanci. Mun sami mai son injiniya da ya tsani Kemistiri yana neman ya yar da shi, ga Jami'ar Sufuri a Daura kusa da gida da yake mafarkin shiga. Akwai wanda ya ji an ce mafi ƙarancin makin shiga jami'a a 2025 shi ne 150, ya ɗauka ɗansa mai 160 ya gama, bai san cewa wannan ƙofar gari ce kawai ba, ƙofar lauya da likita da aikin jinya tana can ciki nesa. Na kuma ce kowa ya ɗora takardar NIN kusa da sunan da makaranta za ta tura wa WAEC, a duba harafi-harafi da ranar haihuwa, kuma layin wayar da aka karɓi lambar JAMB da shi kada a bari ya mutu. Wasu suna godiya. Wasu na ganin na cika shiga sharo ba shanu. Ba su zauna a motar nan ba ranar da muka dawo.

Auta tana aji ɗaya yanzu, ƙawayenta suna aji biyu. Ba ta taɓa goranta mani ba, sai dai in ta zo hutu ta gan ni da waya a kunne ana yi mani magana ina gyaɗa kai, ta kan ce, "Yaya, ajiye wayar tukuna."

Makon jiya babban ɗana ya kawo fom ɗin zaɓen aji, ya gama JSS3, wai sayans yake so. Na rufe shago da hantsi, na bi shi makarantar, na ce ina son ganin firinsifal. Na tambaye shi malamin Fizis nasu na dindindin ne ko ɗan bautar ƙasa, na Kemistiri fa, kuma in ɗaya ya tafi a tsakiyar zango me suke yi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce a duk shekarunsa a kujerar nan ba uban da ya taɓa yi mashi wannan tambayar. Na ce to yau an fara, ina jira. Ya aika aka kira mataimakinsa.